Sanarwar Rasuwar Barmil ɗin Taki na Gidan Malam Uthman

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, wadda zargi bai bar ta ta huta ba, Muntasir ɗan marigayi Malam Uthman na unguwar Hajj Yusuf yana sanar da dangi da maƙwabta, na nan da na Bahri da na Omdurman, rasuwar barmil ɗinsa na taki, wato shuɗin durom ɗin nan da ke tsaye a kusurwar tsakar gida, kusa da bishiyar lemun tsami. Ya rasu da hantsin Talata bayan doguwar jinya. Mutuwar ba ta Allah da Annabi ba ce. Numfashi aka toshe masa, sannu a hankali, da hannu mai haƙuri, a cikin gidan da ya yi wa hidima.

Asalin mamacin kasuwar Suk Libya ce, a Omdurman. Malam Uthman ne ya sayo shi tun Muntasir yana firamare, aka ɗaure shi a saman mota aka haye da shi kogin Nilu. Rayuwarsa ta farko ruwa ya riƙe. Duk ranar da famfo ya ɗauke, shi ake buɗewa. An yi alwala daga cikinsa, an dafa shayin baƙi, an wanke allunan yara. Bai taɓa yoyo ba.

Da yaƙi ya zo, gidan ya tashi zuwa Gadarif, aka bar shi tare da sauran kaya. Waɗanda suka shiga gidan bayan masu shi sun kwashe ƙofofi da gadaje da wayoyin lantarki, har famfon tsakar gida sun cire. Barmil ɗin ya tsira ne don ya gangara bayan banɗaki, babu wanda ya leƙa.

Malam Uthman bai dawo ba. Ya rasu a Gadarif, aka binne shi a can. Muntasir yana Indiya a lokacin, yana karatun ƙasar noma, labarin ya same shi a waya. Da ya dawo, mahaifiyarsa Hajiya Maiturare da ƙanwarsa Arwa sun riga shi komawa gida. Cikin abubuwan da mahaifinsa ya bari, guda ɗaya ya tarar yana numfashi: bishiyar lemun tsamin da Malam ya dasa da hannunsa, yake karantar da yaran unguwa a inuwarta. Inuwar ta tafi. Rassan sun bushe, sai wasu ƙalilan waɗanda idan aka kankare ɓawonsu da farce ake ganin ɗan kore. Ƙasar gindinta ta yi tauri kamar bulo, ko an zuba ruwa gangarewa yake yi. Muntasir ya duƙa ya murza ƙasar a yatsunsa, ya ce bishiyar yunwa take ji, ba ƙishirwa kaɗai ba. Ya ce idan ba a ciyar da ƙasar ba kafin zafi ya kankama, bishiyar za ta bi mai ita.

Ta haka mamacin ya shiga rayuwarsa ta biyu. Babu lantarki, don haka Muntasir ya ari kanun ɗin Hajiya, murhun gawayin da take soya turare a kai, ya gasa doguwar ƙusa har ta yi ja, ya riƙe ta da filaya ya shiga huda jikin barmil ɗin layi-layi, daga ƙasa zuwa sama. Yana cikin aikin Arwa ta shigo da jarkoki daga rijiyar masallaci.

"Yaya, barmil ɗin ruwa kake hudawa?"

"Taki zai yi mana."

"Takin za mu sha?"

"Akwai jarkoki."

"Akwai jarkoki," ta maimaita. Ta dire waɗanda ta ɗauko, ta shige ɗaki tana ƙarasa maganar da Larabci, yaren da take faɗa da shi.

Hajiya tana zaune a tabarma tana dakan itacen sandal na turare. Ba ta ɗago kai ba. Abu ɗaya ta ce: "Gindin dai kada ka taɓa." Muntasir ya bar gindin barmil ɗin bai huda ba, ya ɗauka tausayin tsohon kaya ne. Yanzu ya san shiri ne.

Ana shaida wa mamacin kyawawan halaye. Bai da zaɓen abinci. An shimfiɗa masa busasshen ganyen dogonyaro a ƙasa, aka bi da ɓawon albasa da na dankali, da ganyen shayin da aka gama sha, da tukar kofi, da ƙwanson ƙwai, aka rufe da wani ganyen, aka ƙara da kashin jaki, ya karɓa duka bai yi ƙorafi ba. Bai taɓa neman nama ba, bai taɓa neman mai ba. Abin da gida ya kasa ba shi, Muntasir yakan tafi kasuwar Suk Sitta da sassafe ya tattaro masa daga gindin teburan masu kayan miya. Ruwa kaɗan yake sha, gwargwadon abin da zai sa cikinsa ya yi laima kamar tsumman da aka matse. Arwa ta ce ko kaɗan ɗin a kafaɗarta yake zuwa. Wannan gaskiya ce, an rubuta ta don adalci.

Ba mai surutu ba ne. Idan aka ɗaga murfinsa da safe yakan ce "fuu", tururi mai ɗumi ya taso, mai ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Idan Muntasir ya juya cikinsa da sanda yakan ce "ƙurus, ƙurus". Iyakar maganarsa ke nan. Wanda ya cusa hannu tsakiyarsa zai ji zafi kamar goshin mai zazzaɓi, kuma wannan zafin shi ne lafiyarsa. Muntasir ya nemi mutanen gida su zo su taɓa. Babu wadda ta zo.

Jinyar ta fara da raguwar zafin. Daga nan ƙanshin ya juya, ya yi tsami, ya koma wari. Cikin ya jiƙe ya yi yauƙi. Ƙudaje suka fara zuwa dubiya. Muntasir ya ƙara busasshen ganye, ya daina ba shi ruwa, ya juya shi safe da yamma. Mamacin ya daina cewa "fuu". Idan aka soka masa sanda sai ya ce "ɓul", ya yi shiru.

Da Muntasir ya durƙusa ya duba jikin da kyau, sai ya ga layin hudojin ƙasa babu shi. An liƙe kowace huda da narkakkiyar roba koriya, an lallaɓa ta sumul, an kuma shafa ƙasa a kai don kada ta yi ƙyalli. Layi na biyu ma an fara. Aikin ba na gaggawa ba ne. Wanda ya yi shi ya zauna ne, yana da wuta, yana da lokaci, kuma ya san lokacin da mai barmil ba ya gida.

Ya fara da Arwa, don ita ce ta faɗi ƙiyayyarta a fili. Ya same ta tana shanya.

"Nuna min hannunki."

"Lalle za ka sa min?"

"Wanda ya narka roba ba ya rasa ƙuna."

Ta miƙa masa tafukan. Babu ƙuna. Kanta ce kawai ta fito, layi biyu, inda mariƙin jarka yake zama.

"Ka gani? Halas, shi ke nan? Yaya, da ni ce, ba liƙe shi zan yi ba. Kifar da shi zan yi a kan titi, kai ma ka sani."

Ya sani. Bai cire ta daga zargi ba, amma ya matsar da ita gefe.

Sai Hala Fatna, maƙwabciya ta bayan katanga. Tun kafin a haifi Muntasir, duk ɓawon da ya fita daga madafin gidan Malam Uthman ta saman katangar nan yake bi ya faɗa wa awakinta, kuma duk ranar da aka yi tatsa, kofin madara yakan biyo ta hanyar ya dawo. Ba a taɓa yin magana a kai ba, haka aka taso aka gani. Yaƙi ya bar mata akuya guda. Tun ranar da aka huda barmil, akuyar ba ta ƙara ganin ɓawon gidan ba, kofin ma bai ƙara hayewa ba. Muntasir ya shiga gidanta da sunan gaisuwa, ya zauna inda zai ga bokitanta da bahonta.

"Me kake nema da ido, ya waladi, ɗana? Abin da suka bari ke nan, ƙirga."

"Gaisuwa na zo, Hala."

"Ka kyauta. Yaya mara lafiyar? Muna jin sa daga nan."

"Wani ne yake toshe masa hudoji."

"Allah ya saka wa wanin." Ta zuba masa shayi baƙi, ta tura masa. "Babu madara, akuyar tana azumi. Kuma bari in faɗa maka, tunda uwarka ba za ta faɗa ba. Mutane suna wucewa ta ƙofarku suna jan hanci. Barmil mai rufi, mai zafi, mai tsami, a gidan malami. Har an tambaye ni ko marisa kake dafawa."

"Giya? Ni?"

"Na ce musu ban sani ba, yaron ya daɗe a waje."

Bokitanta ja ne da baƙi. Bahon fari ne. Ya sha shayin ya fito, bai wanke ta ba, ita ma ba ta wanke shi ba.

Ya yanke shawarar ya buɗe abin da aka rufe. "Inna, ara min wuta," ya ce. Hajiya ta tura masa kanun ɗin da ƙafa, har ta ƙara masa gawayi. Ya gasa ƙusa ya sake huda kowane liƙi. Mamacin ya ɗan farfaɗo, aka ji ɗumi-ɗumi a tsakiyarsa. Kafin mako ya zagayo, an sake liƙe su, wannan karon da kauri, an kuma hau layi na uku. Ya sake hudawa. Aka sake liƙewa. Har hudojin da ke fuskantar bango, waɗanda ba a isa gare su sai an juya barmil ɗin da nauyinsa, aka bi su ɗaya bayan ɗaya.

A wannan lokacin Muntasir ya bi gidan yana neman koriyar roba. Ya duba bokiti, ya duba murafan jarkoki, ya juya silifas ɗin da ke bakin ƙofa, har na baƙi. Ya daina faɗin inda za shi. Yakan ce Bahri ya tafi, ya tsaya a kan kwana yana kallon ƙofar gidansu. Mai kurar jaki da ke kawo ruwa unguwar, wanda ba shi da ranar zuwa, ya zo sau ɗaya a wannan tsakanin. Gidan ya cika jarkokinsa, babu sauran mazubi, kurar ta wuce gaba da ragowar ruwan. Arwa ta bi ta da kallo har ta sha kwana. Muntasir ya lura da kallon, ya mayar da ita sahun gaba.

Ranar Talata ya ɗauki buhunsa ya ce ya tafi Suk Sitta. Ya kai inda raksha, keke mai ƙafa uku, ke tsayawa, ya juyo da ƙafa, ya tura ƙofar a hankali.

Hajiya Maiturare tana tsugune a gaban barmil ɗin, tobinta, dogon mayafin nan, a tattare a gwiwa. Kanun yana gefenta, da wuƙa a cikin garwashi. A cinyarta akwai buta koriya, ko abin da ya rage daga buta, don an yanke bakinta da mariƙinta da rabin cikinta. Ta ɗago ta dube shi. Ba ta firgita ba.

"Ka dawo da wuri. Zo ka danne min nan, yatsana ya gaji."

Bai matsa ba. Ya gane butar. Ita ce Malam Uthman yake alwala da ita a gindin bishiyar, ita ce kuma Hajiya ta tafi da ita Gadarif ta dawo da ita, bayan ta bar akwatunan kayanta a baya.

"Inna, butar Abba ce."

"Na fi ka sani."

"Kin yayyanka ta."

"Abbanka ya gama alwala. Mu ne ba mu gama ba."

Ta zaro wuƙar, ta ɗora ɗan yankin roba a kan wata huda, ta bi shi da bakin wuƙar har ya kwanta. Hayaƙi ya tashi.

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Ka zo da maganar bishiyar ubanka a bakinka, ba ka ga kabarinsa ba. In ce maka a'a? Na ce bari ya yi abinsa, in ya gaji zai bari. Ba ka gaji ba. 'Yar'uwarka kuma kafaɗarta ta kumbura, tana ɓoye maka."

"Bishiyar za ta mutu."

"Wataƙila. Tawa ce kafin ta zama taka, ni na riƙe masa ita yana tura ƙasa. Kana ganin daɗi nake ji?"

Muntasir ya ɗaga murfin, ya naɗe hannun riga, ya cusa hannunsa har kafaɗa. Sanyi ya ji tun daga sama har ƙasa. Ya zaro hannun, ya mayar da murfin, ya tabbatar da rasuwar. Daga nan ya tsuguna ya danne inda aka ce ya danne.

An san hannun da ya riƙe wuƙa, amma bincike bai rufu ba. Hajiya ba ta iya juya barmil mai wannan nauyin ita kaɗai. Da aka tambayi Arwa, sai ta ce ita ba ta jin Hausa sosai. Wuƙar kuma ba ta gidan ba ce, mariƙinta na naɗe da baƙar roba, kuma Muntasir yana da yaƙinin ya taɓa ganin irinta a wani madafi da ba shi da nisa. Hala Fatna ta ce wuƙa duk wuƙa ce. Ya bar maganar a nan, bai ce ya yarda ba.

Mamacin ya bar bishiyar lemun tsami, wadda ya rayu dominta bai kai ga ciyar da ita ba. Ya bar sandar juyi, wadda babu mai son taɓa ta. Ya bar ƙudaje masu yawa, an nemi su watse. Ya bar magajiya guda, akuyar Hala Fatna, wadda ɓawon gidan ya koma gare ta tun yammacin ranar, kuma an ga kofi a kan katanga washegari, da saurin da ya sa Muntasir ya tsaya yana kallonsa.

An yi sulhu a kan gadon. Hajiya ta ce duk ranar da aka cika barmil ɗin da ruwa, bokitin farko na bishiyar ne.

"Na farko, Inna. Ba ruwan wanke-wanke mai sabulu ba."

"Na ce na farko."

"A faɗa a gaban shaida."

"Ni zan kafa maka shaida a kan itacen mijina?"

Muntasir ya janye maganar shaida. Duk da haka ya sanar cewa zai riƙa kasancewa a gida duk ranar da aka ji ƙarar kurar ruwa, kuma shi zai ɗauki bokitin da kansa, tare da jarkokin da suka biyo baya.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a tsakar gidan marigayi Malam Uthman. Za a haƙa rami a zagaye da bishiyar, nesa da gindin da kamu guda, domin abin da ke cikin mamacin bai nuna ba, idan ya taɓa saiwa zai ƙone ta. Za a kwashe cikin a zuba a ramin, a rufe da ƙasa da busasshen ganye. Idan ƙasa ta karɓe shi, zai ƙarasa a cikinta aikin da aka hana shi ƙarasawa a tsaye. Idan ba ta karɓa ba, za a gani a rassan kafin zafi ya wuce. Babu wanda ya yi wa kowa alkawari.

Ba za a kafa rumfa ba, ba za a shimfiɗa tabarmar makoki ba, zaman zai ƙare da ƙarewar binnewa. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo sukari ko shayi. Duk mai niyyar ta'aziyya ya zo da ruwa, ko kofi guda ne, ya zuba a gindin bishiyar da hannunsa. Wanda yake da labarin marisa ma ya zo, za a buɗe masa murfin ya sunsuna.

Saɓanin yadda aka saba, wanka zai biyo bayan binnewa. Za a kwantar da gangar jikin a bakin magudana, a cuɗe ta da toka da yashi har warin ya fita. Wadda ta kashe shi ita za ta wanke shi. Muntasir zai zuba mata ruwa.